Tayar hunturu ko mota mai ja da ƙafa huɗu? Abin da za ka fara saya a sanyin Kanada

Wanda ya taso a Kano ko Damagaram ya san sanyin hunturu: hazo, tsagewar leɓe, ruwan alwala mai yankan hannu. Sanyin Winnipeg, Regina ko Edmonton a watan Janairu wani abu ne daban. Ma'aunin Salshiyas yakan sauka zuwa 30 ƙasa da sifili ya kwana a can, baƙin mai ya yi kauri kamar zuma, titi ya koma gilashi. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya sauka can, da ya fara zancen sayen mota, abin da zai fara ji daga 'yan'uwa shi ne: "Ka nemi mai ja da ƙafa huɗu." Ba ƙarya suka faɗa ba. Sai dai in kuɗinka ba za su kai ka yi komai lokaci guda ba, ba nan ya kamata su fara zuwa ba. Ƙaramar mota mai ja da tayoyin gaba, in tana kan tayoyin hunturu huɗu masu kyau, ta fi babbar jif mai ja da ƙafa huɗu da ke kan tayoyin kowane lokaci tsare rai.

Ga dalilin. Mota tana taɓa ƙasa a wuri huɗu ne kawai, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Ta nan take tashi, ta nan take shan kwana, ta nan take tsayawa. Ja da ƙafa huɗu yana raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu, don haka yana taimaka wa mota ta tashi daga tsaye ko ta hau tudu. Amma a wajen birki babu abin da ya ƙara, domin kowace mota dama birkinta a ƙafa huɗu yake. Haɗarin hunturu kuwa galibi na wanda ya kasa tsayawa ne a bayan wata mota ko a mahaɗar titi, ba na wanda ya kasa tashi ba. Akwai ma wata illa: motar da ta tashi ba tare da santsi ba tana ɓoye wa direba halin da titi yake ciki, sai ya taka birki yake ganewa.

Tayoyi iri uku, da alamar da ke gefensu

Tayar kowane lokaci ita ce yawancin motoci ke zuwa da ita. Za ka ga an rubuta M+S a gefenta. Wannan rubutu yana magana ne kan zanen tayar kawai, ba shaidar an gwada ta kan dusar ƙanƙara ba ce. Robarta takan fara tauri da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 7 sama da sifili, ko da titi a bushe yake, kuma roba mai tauri ba ta kama ƙasa.

Tayar hunturu ta ainihi tana ɗauke da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Ba a buga wannan alama sai taya ta ci gwajin kama ƙasa a kan dusa. Robarta na zama da laushi cikin tsananin sanyi, kuma jikinta cike yake da 'yan siraran tsage masu cizon ƙanƙara. Bridgestone Blizzak, Michelin X-Ice da Nokian Hakkapeliitta duk wannan layi ne. Aibinta shi ne in ka bar ta har lokacin zafi, za ta cinye da wuri, birkinta kuma ya ragu a kan kwalta mai zafi.

Tsakaninsu akwai tayar da ke da alamar dutsen amma ana barinta duk shekara, irin Michelin CrossClimate. Ta dace da mai zama a Vancouver ko cikin garin Toronto, wanda ba shi da wurin ajiye tayoyi huɗu a ɗakin haya. A Manitoba ko Saskatchewan, inda ƙanƙara ke daskarewa a titi wata da watanni, ba ta kai tayar hunturu ba, kuma ba mu ba da shawarar a tsaya a kanta.

Doka ma ta bambanta daga lardi zuwa lardi. A Quebec dole ne a sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A British Columbia ana buƙatarsu a kan manyan hanyoyin tsaunuka tun daga 1 ga Oktoba, kodayake can ana karɓar M+S muddin zurfin zanenta ya kai milimita 3.5. A Ontario ba dole ba ne, amma tun 2016 an wajabta wa kamfanonin inshora su rage wa mai tayoyin hunturu kuɗi, sai ka tambaya. Hukumar inshorar motoci ta Manitoba kuwa tana da tsarin ba da rancen sayen tayoyin a biya a hankali. Taya mai ƙusoshi ta fi kowace kama ƙanƙara tsagwaronta, sai dai tana da ƙara, ba ta da daɗi a kan busasshiyar kwalta, kuma an hana mazauna kudancin Ontario amfani da ita. A Manitoba an yarda da ita daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi biyu a sa a gaba don rage kashe kuɗi. Gaban motar zai kama ƙasa, bayan ya sulale, a kwanar farko motar ta juya ta kalli inda ta fito. Huɗu ake sawa, iri ɗaya. In na hannu za ka saya, auna zurfin zanen: ƙasa da milimita 4 ta gama aikin hunturu ko da a ido tana da kyau. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. In ka ga 3521, an yi ta ne a mako na 35 na 2021. Wadda ta haura shekara shida robarta ta soma bushewa. Ka saya musu rim na ƙarfe nasu na kansu, canji zai zo da sauƙi da araha kowace shekara. Batun tsada kuwa, ka tuna yayin da na hunturu ke aiki, na zafi suna hutawa, duka biyun sai su daɗe. Iskar taya ma tana raguwa da kusan fam ɗaya duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Ka auna ta sau ɗaya a wata kafin motar ta motsa, ka bi lambar da ke jikin ƙofar direba, ba wadda ke jikin taya ba.

To yaushe ja da ƙafa huɗu ya cancanci kuɗinsa? In gidanka a bayan gari yake inda motar share dusa ba ta zuwa da wuri, ko aikinka na asuba ne kafin a share titi, ko unguwarku tudu ce. A nan ma rabin amfanin daga tsayin motar yake zuwa. Tsakanin cikin Corolla da ƙasa kusan santimita 13 ne, na RAV4 kusan 21, na Subaru Outback kusan 22. Dusa in ta kai cikin mota takan ɗaga ta, tayoyi su yi ta juyawa a banza. Ka bambance iri biyu: wadda aka rubuta wa AWD ita ke raba ƙarfi da kanta, ba ruwanka. Wadda ake sa wa 4H da hannu, kamar yawancin a-kori-kura, ba a tuƙa ta haka a kan busasshiyar kwalta, domin ƙafafun gaba da na baya a ɗaure suke, a kwana sai su yi ta jan juna har wani abu ya lalace. A-kori-kura mai ja da baya kaɗai, babu kaya a bayanta, ita ce mafi wahalar sha'ani a kan ƙanƙara. In tsohuwar mota za ka saya, ka nemi wadda aka ƙera daga Satumban 2011 zuwa sama, lokacin da Kanada ta wajabta na'urar da ke taka birkin ƙafa ɗaya-ɗaya da kanta don daidaita mota in ta fara sulalewa.

Tashin mota da safe

Abu uku ke haɗuwa su hana inji tashi: batir ya yi rauni, baƙin mai ya yi kauri, ƙarfe ya yi sanyi. A jikin batir akwai lamba mai haruffan CCA. Tana nuna yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili. Kada ka sayi wanda lambarsa ta gaza abin da littafin motar ya ce. A irin wannan sanyi batir kan rasa fiye da rabin ƙarfinsa, a daidai lokacin da inji ya fi buƙata. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 in mota a kashe take, 12.2 kuwa rabi ne. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin cikakken batir sai sanyi ya kai wajen 60 ƙasa da sifili yake daskarewa, wanda ya zube kuwa ruwan cikinsa ya kusa zama ruwa zalla, sanyi kaɗan ya isa ya daskarar da shi ya fasa kwalinsa. Batirin da ya wuce shekara huɗu a kai shi a gwada a Oktoba. Mai gajerun tafiye-tafiye cikin gari, hita da fitilu a kunne kullum, batir nau'in AGM ya fi masa, duk da ya fi tsada.

Halaye biyu da aka saba da su a garejin gida suna kashe inji a can. Na farko baƙin mai 20W-50. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: ana gwada 20W a 15 ƙasa da sifili, 5W a 30, 0W a 35. Ka bi abin da aka rubuta a murfin inji, galibi 0W-20 ko 5W-30. Na biyu zuba ruwan famfo a lagireto. Ruwa in ya daskare faɗi yake yi, yana iya tsaga jikin inji. Haɗin rabi ruwa rabi maganin hana daskarewa yana jurewa har kusan 37 ƙasa da sifili, kashi 60 na magani da 40 na ruwa ya wuce 50. Zuba maganin zalla kuskure ne, shi kaɗai yana daskarewa tun a wajen 13.

Sai zaɓi tsakanin hitar inji da rimot ɗin tayar da mota daga ɗaki. Mutane sun fi son rimot saboda daɗin shiga mota mai ɗumi, amma rimot ba ya sauƙaƙa wa inji komai, cikin sanyinsa yake tayar da shi. Hitar inji ita ce fulogin nan da za ka ga yana leƙowa daga hancin motoci a Winnipeg. Tana ɗumama ruwan inji da wutar gida, man ya saki, batir ya huta. Ana jona ta in sanyi ya kai 15 ƙasa da sifili, awa biyu zuwa huɗu kafin tafiya sun isa. Barinta dare guda ɓarnar wuta ce, ƙaramin agogon kunna wuta ya magance wannan. Ka riƙa duba wayarta, wadda ta tsage tana jawo gobara. In ɗaya za ka iya, a lardunan tsakiya irin Manitoba da Saskatchewan hita ce gaba. Kuma kada a taɓa tayar da mota da rimot tana cikin rufaffen gareji.

Game da irin mai, a taƙaice: fetur ya fi sauƙin sha'ani. Man dizal na lokacin zafi yakan yi kakin da ke toshe matata, sai an sha na hunturu. Mota mai lantarki tana tashi nan take, ba ta da hayaƙi, amma nisan tafiyarta na raguwa. A gwajin da ƙungiyar direbobin Amurka ta AAA ta yi a 2019, a kusan digiri 7 ƙasa da sifili da hita a kunne, nisan ya ragu da kashi 41 cikin ɗari. Mai wurin caji a gida da ke yawo cikin gari ba shi da damuwa, musamman in ya ɗumama ta tun tana jone. Mai haya a bene da ke ajiye mota a titi, ko mai yawan zirga-zirga tsakanin Saskatoon da Calgary, ya yi lissafi sosai tukuna.

Ruwan wanke gilashi a sayi mai jure 40 ƙasa da sifili, a ajiye galan guda a mota, domin gishirin titi yana rufe gilashi cikin minti kaɗan. In gilashi ya yi raɓa daga ciki, kunna esi tare da hita, ka kashe maɓallin da ke juya iskar ciki. Esi busar da iska yake yi. Motar da esinta ya mutu ba ta shirya wa hunturu ba.

In abin ya faru a hanya

Mutuwar batir ta fi komai yawa. Wayoyin jona batir ba sa ƙarewa, amma sai ka sami mota ta biyu. Ƙaramin batirin tayar da mota da ake caji a gida ba ya buƙatar kowa, sai dai shi ma sanyi na kashe shi in ya kwana a but. A shigar da shi ɗaki, a riƙa cajinsa. Mai tafiya bayan gari ya riƙe duka biyu, wayoyin su zama masu kauri, lamba 4 ko 6, tsawon kamar mita 5. Jerin jonawa ba a sauya shi: ja a kan + na mataccen batir, ɗaya bakin jan a kan + na mai rai, baƙi a kan − na mai rai, bakin ƙarshe a kan wani ƙarfe mara fenti a jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. Dalili shi ne jonin ƙarshe yana tartsatsi, batir kuwa yana fitar da iska mai kama wuta. A bar mai rai ta yi aiki minti biyar, a gwada, sannan a cire daga na ƙarshe zuwa na farko. Batirin da ya kumbura, ya tsage ko ya daskare ba a jona shi, yana iya fashewa.

In mota ta sulale, taka birki da ƙarfi ka riƙe. Rawar da za ka ji a ƙafarka ABS ne ke aiki, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa, kada ka saki. Kalli inda kake son zuwa, ka karkata sitiyari can a hankali. Gadoji sun fi sauran titi saurin daskarewa, saboda iska na bi ta ƙarƙashinsu. Kada a kunna na'urar riƙe gudu a kan dusa.

In ta kafe cikin dusa, taka totur da ƙarfi goge ƙasan taya yake yi ya zama ƙanƙara. Ɗauki shebur ka share gaba da bayan tayoyin da ke ja, da ƙarƙashin motar. Miƙe sitiyari, zuba yashi, kashe na'urar hana juyawar taya na ɗan lokaci, ka riƙa matsawa gaba kaɗan baya kaɗan, kana tsayawa cak kafin ka sauya giya. In ka yi sau biyar ko shida ba ta fita ba, ka bari, giya ta fi kuɗin janwe tsada. Faifan roba da ake sawa ƙarƙashin taya ya fi yashi aiki a dusa mai zurfi, amma kada kowa ya tsaya a bayansa, taya na iya harbo shi.

Lalacewa a babbar hanya haɗarinta motocin da ke zuwa ne. Ka sauka gefe iyakar iyawarka, kunna siginoni huɗu, juya tayoyin gaba su kalli waje. A gida ganye ake karyawa a jera a titi. A can alwatika mai ƙyalli ake jerawa, ɗaya kusa da motar, ɗaya a mita 30, ɗaya a mita 60, kana tafiya ta gefen da ba titi ba. Sandar wuta mai ci ta fi fitowa cikin guguwar dusa, amma minti 15 zuwa 30 take yi, kuma ba a kunna ta inda fetur ya zube. Fitila mai batir tana yin awanni, ita muka fi so. Kada ka tsaya tsakanin motoci biyu. In tayar da ta yi faci ta gefen titi ce, ko ƙasa ƙanƙara ce da jak zai zame, kira janwe. Ƙaramar safaya ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma in ta gaba ce ta fashe a mota mai ja da gaba, gara a mayar da safayar baya a kawo ta bayan gaba. Kafin ka yi rajista da CAA, ƙungiyar direbobin Kanada mai kai agaji a hanya, duba nisan jan mota: a kudancin Ontario ƙaramin tsari kilomita 10 ne, na gaba da shi 200. A Alberta da Saskatchewan kuma, in ka zo wuce janwe ko motar agaji mai fitilu a kunne, doka ta ce ka sauko zuwa kilomita 60 a awa.

Mafi girma shi ne guguwa ta rufe hanya kana ciki. A Janairun 2022 mutane sun kwana cikin motoci a babbar hanyar I-95 a jihar Virginia ta Amurka, Sanata Tim Kaine ya yi awa 27 a nan. A guguwar birnin Buffalo na Amurka ta Disambar 2022 fiye da mutum 40 suka rasu, an tsinci wasu cikin motoci, wasu a kan dusa. Ƙa'ida ita ce ka zauna cikin mota, sai in ga gini nan kana ganinsa kusa. Cikin farin guguwa mutum kan ɓata a 'yan taku, kuma in sanyi haɗe da iska ya kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kira 911, faɗi lambar hanya da garin da ka wuce. Kunna inji minti 10 a kowace awa, amma kafin kowane kunnawa fita ka share bakin salansa. In dusa ta toshe shi, hayaƙi yana komawa ciki, iskar kabon monoksaid kuwa ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai, jiri da barci mai nauyi su ne alamunta. Sassauta gilashi kaɗan ta gefen da iska ba ta bugowa. In ku biyu ne, ku riƙa barci bi da bi.

Shi ya sa ake cewa kada tanki ya sauka ƙasa da rabi. Inji mai lita 2 yana shan kusan lita 1.2 a awa in yana aiki a tsaye. Minti 10 a awa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba, ke nan lita 20 za su ɗumama ka kwanaki. Wanda fitilar mansa ta riga ta kama ba shi da wannan dama. Kafin doguwar tafiya duba shafin intanet na 511 na lardin don sanin halin hanya, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin isarka.

Shebur, yashi, wayoyin batir da igiyar ja su zauna a but. Amma bargo, hular sanyi, safar hannu, busasshiyar safa, tocila, cajar waya, kyandir cikin gwangwani da ashana, da abin ci mara daskarewa irin dabino da gyaɗa, a cikin mota ake ajiye su inda hannu zai kai daga kujera. But yakan daskare ya ƙi buɗewa, ko bayan motar ya nutse cikin dusa. Ruwan sha a shigo da shi daga gida a kowace tafiya, kada a cika gorar, a bar wa ƙanƙara wurin faɗaɗa.